Maganin da Yaya Ya Kawo wa Inna

Inna ta rasu da kakar bara, ana tsakiyar yankan gero, a wani asibiti cikin Kano. Na daɗe ina son in rubuta yadda jinyarta ta kasance, in na fara sai in kasa. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne, kwanan nan a wani gidan suna na ji wata mata tana kwatanta wa ƙawarta irin maganin da Inna ta sha, da irin bayanin da aka yi mana sak, har da cewa in ciki ya ɓaci to alamar yana aiki ne. Na ajiye kwanon abincina na fita waje, don na san halina, in na buɗe baki a wurin sai an ji mu a maƙwabta. Kafin in ɗauki biro na nemi izinin Yaya Auwalu, saboda labarin nasa ne kamar yadda yake nawa. Ya ce in rubuta, kuma kada in rage komai don shi.

Sunana Rabi. Ina aure a Gwarzo, ina ɗinki a gida. Inna kuwa a Garo take zaune, a gidan da Babanmu ya rasu ya bari, ita da Goggo Dije, ƙanwar Babanmu, wadda ta dawo gida bayan mutuwar mijinta. Cikin 'ya'yan da Inna ta haifa mu biyu muka rayu, ni da Yaya Auwalu, ɗanta na fari, wanda ke aiki a Fatakwal, sai da salla muke ganinsa.

Dole in yi bayanin wani abu tun yanzu, in ba haka ba za ku ɗauka mahaifiyata ba ta da wayo ne, alhali duk Garo ana zuwa wurinta neman shawara. Mu asalinmu masu shanu ne. Yaren ya tafi tun zamanin kakanni, shanun ma saura 'yan kaɗan, gona muka kama. Amma kunyar ɗan fari tana nan daram a gidanmu. Ana yaye Yaya kakarmu Hajja ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "na Hajja". Ba ta yi masa magana kai tsaye. Zai zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, ta kawar da kai ta amsa a taƙaice, sannan ta ce da ni, "Rabi, tambaye shi ko ya ci abinci." Shi kuwa ga shi nan a zaune, ƙafarsa na taɓa tabarmarta. Ni da ba na iya riƙe bakina nakan ce, "Inna, kunnensa fa ƙalau yake." Sai ta harare ni ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido." Dariya muke yi wa abin a lokacin.

Ciwon da bazara ya fara. In ta ci abinci, musamman tuwo da man shanu, wanda duk duniya ba abin da take so kamarsa, sai wani abu ya riƙe ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya soke ta har allon kafaɗa. Ta ce ƙwannafi ne, ta jiƙa kanwa. Goggo ta ce olsa ce, aka sayo farin magani na ruwa a kemis. In ya tashi yakan yi awanni yana murɗa ta, sannan ya sake ta kamar ba a yi ba, ta miƙe ta ci gaba da hidimar awakinta. Ba wanda ya gaya mini. Ran nan na je da rana kai mata atamfar da na ɗinka, na tarar da ita durƙushe a tsakar gida ta kifa goshi a kan turmi, gumi ya jiƙe mata riga, ga amai a gefe. Ban tsaya jin ta bakin kowa ba, na kira maigidana ya samo mota muka kawo ta asibiti.

Mun sha layi ranar, daga yankan kati zuwa ganin likita sai da azahar ta wuce, aka kuma tura mu hoton ciki a wani wurin daban. Amma likitan da muka samu, Allah ya saka masa da alheri, bai yi mana bayani a tsaitsaye ba. Ya juyo da hoton ya nuna mana wasu 'yan dunƙule-dunƙule, ya ce duwatsu ne a matsarmama.

Inna ta ce, "Likita, ni fa ko a wake ban yarda in tauna tsakuwa ba."

Ya yi dariya ya ce ba ci ake yi ba, a ciki suke haɗuwa. Ya tambaye ta ko ta san 'yar jakar nan mai ɗaci da ake cirewa a jikin hanta in an yi yanka. Ta ce ta sani mana, ita ke gyaran kayan cikin layya duk shekara. Ya ce to ita za a cire gaba ɗaya, kuma mutum na rayuwarsa lafiya lau ba ita. Sannan ya faɗi maganar da har yau take yi mini yawo a kai: "Inna, yanzu aikin mai sauƙi ne, tun jikinki da ƙarfi. Abin da ba ma so shi ne dutse ɗaya ya gangara ya toshe hanya." Ya tura mu Kano, can suka sake dubawa suka ba mu rana bayan Babbar Salla.

Ina son a san cewa Inna ba ta ji tsoron aikin ba. A mota muna dawowa abin da ya dame ta shi ne wa zai kula da akuyarta mai ciki in an kwantar da ita. Kuɗi ma ba su ne matsalarmu ba. Yaya ya turo, ga kuma bijimi a turke in abin ya wuce haka. Mutane da yawa rashi ne ke hana su magani, ina tausaya musu. Mu muna da hali, muna da rana, muna da mara lafiyar da ta yarda. Wannan ne ke ƙona mini rai.

Yaya ya zo salla da kwali a hannu. Yayana mutumin kirki ne, ba na son kowa ya karanta wannan ya zage shi. Shi ya sa hannu a takarda ranar da aka shiga da Babanmu ɗakin tiyata, kuma Baba bai fito da rai ba. Tun daga nan in aka ambaci wuƙar likita sai ka ga fuskarsa ta canza. Da na gaya masa maganar aikin Inna a waya, ashe bincike ya shiga yi a wayarsa, yana kallon bidiyon mutanen da ke cewa sun narkar da duwatsunsu da bitamin C, in dai an sha shi da yawa sosai.

Washegarin salla da hantsi ya zo bakin ƙofar Inna ya durƙusa. Ya buɗe wata doguwar roba, ya jefa ƙwaya mai faɗi a kofin ruwa, ta kama tafasa tana ƙamshin lemo. Na miƙa hannu in karɓa in ba ta, yadda aka saba, don duk abin da ya kawo mata ta hannuna yake bi. Sai ya tsallake ni. Ya matsa da gwiwoyinsa har gabanta, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, ga wannan. In sha Allahu ba sai an yanka ki ba."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, sannan ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta shanye tas, har da ɗaga shi sama don kada a bar komai.

A zaure na tare shi. Na ce, "Yaya, likitoci biyu sun ce aiki. Kai kuma ka zo da lemon kwalba."

Ya ce, "Rabi, bitamin ne fa, abin da ke cikin lemo da gwaiba. Ba ya illa. Wanda jiki bai buƙata ba fitsari ne zai fitar da shi. A ba shi zuwa kaka. In bai yi ba, ai asibitin ba guduwa zai yi ba."

"In dutsen ya toshe hanya kafin kakar fa?"

"Ke kullum sai kin kawo mummunan zance. Kina son a shiga da ita yadda aka shiga da Baba?"

Ni ma ban manta ranar ba. Kafin ya koma ya tsara wa Goggo yadda za a sha: bayan kowace salla, mai tafasa ɗaya da farar ƙwaya babba, a riƙa ƙarawa har sai ciki ya saki. In ya saki, in ji shi, to maganin ya kai inda ake so. Goggo ta ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, haka maganin gargajiya ma yake, in bai wanke ciki ba bai yi aiki ba. Abin da ya gani a waya da abin da Goggo ta gada sai suka zo daidai, ni kaɗai na zama bare a gidan.

Ranar da asibiti suka ba mu na zo da mota tun da safe. Na tarar da Inna tana ba awaki dusa, ko wanka ba ta yi ba. Ta ce, "Na Hajja ya ce a dakata." Na yi magiya, na yi faɗa, na yi kuka. Direba ya gaji da jira ya tafi.

Satin farko ƙwannafi ne ya addabe ta, ƙirjinta na zafi, tana yawan gyatsa mai tsami. Sati na biyu ciki ya fara murɗa, sai gudawa. Goggo har da hamdala. Ta ce, "Kin gani ko, dattin ne ke fita." Wata rana ma ta rantse mini ta ga 'yan tsakuwoyi a fo. Na ce, "Goggo, tsakar gidan nan duk yashi ne, ko ni na zauna a fo ɗin za ki ga tsakuwa." Ta ce in bar gidan in ba zan yi fatan alheri ba.

Daga nan buta ba ta sake hutawa ba. Inna mace ce mai son ta zauna da alwala tun daga azahar har la'asar tana jan carbi, sai ga shi tana tayar da salla ciki zai juya, ta sallame ta nufi banɗaki. Da damina ta yi nisa, zuwa banɗakin ma ya zama aiki, ga taɓo ga jiri, sai ta dafa bango. Ta daina cin man shanu, ta daina cin tuwo, ta koma kunu, kunun ma 'yan kurɓi, saboda duk abin da ta sa a ciki ba ya zama.

Abin da ya ruɗe kowa shi ne, ciwon haƙarƙarin ya yi sauƙi. Da gaske ya yi sauƙi, ya daina tashi kamar da. Maƙwabta suka fara shigowa ganin maganin, wata har da roƙon a sam mata ko guda biyu. Ni ma sai da zuciyata ta fara raya mini ko Yaya ne da gaskiya. Amma ni ke ɗinka wa Inna kaya, na san faɗin kafaɗarta ba sai na auna ba. Rigar da na kai mata da bazara ta koma tana zamewa daga wuya, zani kuwa sai ta ƙara zagaye kafin ta soke.

Na ɗauki roba ɗaya na koma wurin likitanmu na farko ni kaɗai. Ya karanta jikinta, ya tambaye ni nawa take sha a rana. Da na faɗa sai ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce bitamin C abu ne mai amfani in an sha daidai, amma yawansa irin wannan shi ke kawo ƙwannafi da murɗa da gudawa, kuma yana iya wahalar da ƙoda, balle ga dattijuwar da ruwan jikinta ke zuba kullum. Ya ce ba ya narkar da dutsen da ya riga ya haɗu. Na ce to ai ciwon ya lafa. Ya ce, "Ya lafa ne don ba ta cin abin da zai tayar da shi. Duwatsun suna nan inda kika bar su. A tsayar da ƙwayar, a kawo ta."

Daga asibitin na wuce Garo, na kira Yaya a gaban Inna, na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ita ta ce miki ba ta jin daɗinsa?"

"Sai ta faɗa? Ina ganinta da idona."

"Ba ta wayar."

Na miƙa mata. Ta riƙe wayar nesa da kunne kamar mai zafi, ta juya mini baya. Ina jin muryarsa yana tambaya, "Inna, yaya jikin? Maganin yana yi miki kuwa?"

Ta ce, "Da sauƙi. Lafiya lau. Allah ya yi albarka." Ta miƙo mini.

Ya ce, "Kin ji da kunnenki."

Haka muka yi ta yi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ni in kai ƙara, shi ya ce a ba ta waya, ita ta ce da sauƙi. Shi yana can yana ganin ƙanwarsa ce mai azarɓaɓi. Ya manta, ko kuma bai taɓa lura ba, cewa tun da aka haife shi wannan matar ba ta taɓa gaya masa wani abu ba face lafiya lau.

Da na ga ba ci gaba sai na kwashe robobin da ke ɗakinta na zuba a jaka. Ba ta hana ni ba. Sai da na kai bakin ƙofa ta ce, "Rabi, zo ki zauna." Na zauna a bakin gado ina huci.

Ta ce, "Yaron nan, tun da aka yaye shi ban taɓa wanke masa riga ba. Da ya yi ƙyanda yana ɗakin Hajja, ta bango nake jin kukansa, ban shiga ba, kada a ce na yi rashin kunya. Ya yi karatu, ya yi aure, bai taɓa zuwa ya ce Inna yi mini kaza ba. Rana ɗaya tak ya miƙo mini abu da hannunsa ya ce in sha. Shi ne zan aika masa cewa bai yi ba?"

Na ce, "Inna, ranki fa ake magana."

"Na sani."

"To ki bari ni in gaya masa kin ce a kai ki asibiti."

"Ban ce ba. Zuwa kaka ya ce, kakar kuma ta kusa. Gero ya fara fitar da kai."

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana a kansa haka ba, kuma ba ta sake ba. Na fita da jakata ina kuka a hanya kamar ƙaramar yarinya. Ban mayar da robobin ba, amma aikin banza na yi, don sauran kwalin yana ƙarƙashin gadon Goggo.

Maigidana ma ya kira Yaya, suka yi magana ta maza. Ni kuma na faki idon Inna tana barcin rana na ɗauki hoton hannunta na tura masa, hannun da ya koma kamar sanda. Wannan karon bai yi gardama ba. Ya ce a rage yawan ƙwayar, zai nemi hutu ƙarshen wata ya zo da kansa a sake hoto. Na ce ƙarshen wata ya yi nisa. Ya ce aikin ba na ubansa ba ne, sai an ba shi.

Ana cikin haka ɗana ya kwanta zazzaɓi, na yi 'yan kwanaki ban leƙa Garo ba. In na kira, Goggo ta ce jiki da sauƙi. Ranar da na je, tun daga ƙofa na ji ɗaci-ɗacin jiƙo. Inna tana kwance an lulluɓe ta da bargo tana karkarwa, ga rana tsaka. Na buɗe labule haske ya shigo, na ga idonta ya yi rawaya, har tafin hannunta. Duk ta yakushe jikinta da susa. Fitsarin da ke fo kamar shayin da ba madara, shi ma ɗan kaɗan.

Na ce, "Goggo, tun yaushe?"

Ta ce, "Shawara ce, ba wani abu ba. Mun jiƙa mata saiwar rawaya. Ba mu gaya miki ba ne don mun san asibiti za ki ce, shawara kuwa ba ta son allura. Ana yi mata allura shi ke nan."

Matan maƙwabta biyu da ke zaune suka ce ƙwarai, kowa ya san haka, suka fara lissafo waɗanda allura ta kashe. A nan na manta da girman kowa. Na ce duk wadda ta tare mini ƙofa ta kanta zan bi. Na faɗi wasu maganganun ma da daga baya sai da na je na ba Goggo haƙuri, don ita ma ba mugunta ta yi ba, ita ke wanke Inna, ita ke kwana da ita. Maigidana ya zo da mota muka ɗauke ta. Ba ta ce a dakata ba wannan karon, ba ta ma san inda take sosai ba.

Likitanmu yana ganinta bai yi mana faɗa ba, ni kuwa da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa mata ƙarin ruwa, ya ce mu wuce Kano yanzu, kada mu biya gida.

A Kano mun tarar da ɗakin gaggawa cike, ba gado. A kan benci na rungume ta har la'asar, ruwan yana rataye a ƙusar taga. Wata baiwar Allah 'yar Lakwaya, can wajenmu, da ke jinyar mijinta ta ji muna maganar Gwarzo, ta shimfiɗa mana tabarmarta, ta ba ni kunu a kofinta, ta nuna mini inda ake kai jini da inda ake karɓo sakamako, don wurin in ba ka sani ba sai ka wuni kana zagaye. Ban ma tambayi sunanta ba. Akwai ma'aikaciyar da ta daka mini tsawa don na tambaye ta sau biyu, akwai kuma wadda ta durƙusa ta yi ta neman jijiya a hannun Inna tana ce mata "Sannu Mama, yi haƙuri Mama," har ta samu. Duk ina tuna su. Gwaji kuwa wani a ciki, wani sai an fita waje, magani wani akwai wani babu. A satin nan aka sayar da bijimin.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce abin da ake gudu ne ya faru: dutse ya gangara ya toshe hanya, ɗacin ya koma cikin jini, wurin ya ruɓa, cutar ta bazu. Dole a buɗe hanyar, amma jikin Inna ya bushe, jininta ya yi ƙasa, ƙodarta da ƙyar take aiki. In aka shiga da ita a haka ba za ta tashi ba. Sai sun ɗago ta tukuna, in ta ɗagu.

Na fito da robar daga jaka na ce, "Likita, wannan ce ta jawo?"

Ta duba ta ce, "Ba ita ta toshe ta ba, dutse ne. Amma gudawar da ta sa ta ta tsotse ƙarfin da muke nema yanzu. Kuma ta cinye muku lokaci."

Ga mai karatu, abin da nake roƙo ke nan, ba ni da wani ilimi da ya wuce shi. In likita ya ga dutse ya ba ku rana, ku je ranar. In kuna da wani magani a zuciya, ku kai masa ya gani kafin a fara. Gudawa ba alamar waraka ba ce, ko wa ya faɗa. Idon da ya yi rawaya asibiti yake so a ranar. Kuma in za ku tambayi tsohuwa yaya jiki, ku dubi wuyan rigarta, kada ku tsaya a abin da bakinta ya ce, musamman in kai ne wanda take jin kunya.

Yaya ya iso kwana biyu bayan an kwantar da ita, daga tasha kai tsaye, da jakarsa a kafaɗa. Ina zaune a gefen gadon na ga ya shigo yana duba fuskoki. Ya dubi Inna, ya wuce gado na gaba. Sai da na kira shi. Ya dawo ya tsaya, ya sake dubanta, jakar ta zame ta faɗi.

Likitar ta kira shi waje ta maimaita masa abin da ta gaya mini, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Na same shi zaune a ƙasa a baranda, babban mutum da furfura a gemu, ya haɗa kai da gwiwa. Wata da watanni ina tara maganganun da zan watsa masa in mun haɗu, na tsara su tsaf, wasu ma har na gwada faɗarsu ina kan keken ɗinki. Na zauna kusa da shi ban iya furta ko ɗaya ba.

Bayan la'asar zazzaɓin ya ɗan sauka, Inna ta buɗe ido ta gane mutane. Yaya ya durƙusa a gaban gadon yadda yake yi a bakin ƙofarta. Tana ganinsa ta lalubi mayafi, hannun ba ƙarfi, sai ni na ja mata shi. Ta juya fuska wajen bango.

Ya ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba? Sau nawa ina tambayarki. Da kin ce mini sau ɗaya ba ya yi, wallahi da a ranar zan ce a kawo ki." Ya dafa bakin gadon. "Ni na yi miki wannan. Ki yafe mini."

Ba ta juyo ba. Ta daɗe tana numfashi, har na ɗauka barci ya sake ɗauke ta. Sannan ta ce, a hankali, "Rabi."

"Na'am, Inna."

"Gaya masa maganin ya yi mini amfani. Na ji daɗinsa. Kada ya sa wa ransa komai."

Na ce, "Inna, ga shi nan, yana jin ki."

"Ke dai gaya masa."

Na dubi idonta da ya yi rawaya, na dubi ledar fitsarin da ke rataye a gefen gado ba komai a ciki. Sannan na juya wajen yayana, wanda ya ji kowace kalma da kunnensa, na ce, "Yaya, ta ce maganin ya yi mata amfani."

Ya kifa fuskarsa a kan ƙarfen gadon ya ce, "To."

Washegari da hantsi ta cika, ba a kai ga aikin ba. Shi ne saƙo na ƙarshe da na isar tsakaninsu.